Amsa ga mai shirin zuwa Ingila: yaushe doka ke ɗora wa mutum nauyin kiyaye wani?

Assalamu alaikum ƙanena. Na karanta saƙonka, inda ka ce ka samu gurbin karatun jinya a Ingila kuma kana da niyyar yin aikin wucin gadi a gidan kula da tsofaffi, amma maganganu biyu masu karo da juna sun tayar maka da hankali. Wani ya ce idan ka ga mutum ya faɗi a titi ka wuce za a ɗaure ka, wani kuma ya ce idan ka taimake shi ya ji ciwo za a maka ka a kotu. Kowannensu ya tsinci wani ɓangare ne na maganar ya bar sauran.

Idan aka kai ƙarar sakaci a nan Ingila, kafin alƙali ya duba ko an yi kuskure, sai ya fara tambaya ko tun asali akwai nauyin kiyaye wanda ya cutu a wuyan wanda ake ƙara, domin idan babu wannan nauyi, batun diyya bai ma taso ba. Tushen wannan ka'ida shi ne hukuncin 1932 a shari'ar Donoghue da Stevenson. Donoghue wata mata ce a garin Paisley na Sukotlan da aka saya wa lemon citta a cikin kwalba mai duhu, ta sha wani abu daga ciki, sannan ta ce da aka tsiyaye ragowar sai ruɓaɓɓen dodon koɗi ya fito. Ba ita ta biya kuɗin ba, don haka babu yarjejeniyar ciniki tsakaninta da kowa, amma da ta kai ƙarar Stevenson, wanda ya sarrafa lemon, alƙali Lord Atkin ya ce wajibi ne mutum ya yi taka-tsantsan kada ya cutar da maƙwabcinsa, kuma maƙwabci a idon doka shi ne duk wanda aikinka zai shafa kai tsaye har ya kamata ka tuna da shi lokacin da kake aikin. Kotunan Najeriya ma suna kafa hujja da wannan hukunci.

Sai dai dokar Ingila ta bambanta tsakanin wanda ya jawo cuta da hannunsa da wanda ya ƙi hana ta. Baƙon da ya faɗi a titi ba tare da sa hannunka ba, babu dokar da ta tilasta maka cetonsa, ko da yake tarbiyyarmu da addininmu ba za su bar ka ka wuce ba. Mai maganar ɗauri wataƙila Faransa yake nufi, inda ƙin taimakon wanda ke cikin haɗari laifi ne da hukuncinsa kan kai shekara 5 a kurkuku da tarar Yuro 75,000. Shi kuma mai tsoron taimako, ya sani cewa wata doka ta 2015 ta umurci kotunan Ingila da Wales su yi la'akari da cewa mutum ya shiga ne don ceton rai kafin su kira abin da ya yi sakaci.

Inda nake so ka mayar da hankali shi ne wurin aiki, domin a can babu gardama kan samuwar nauyin. Daga lokacin da ka sa rigar aiki aka damƙa maka tsoho, ka ɗauki amanarsa, kuma a nan rashin yin abu ma sakaci ne. A gidan da na fara aiki, takardar kulawa ta wani dattijo ta ce mutum biyu ne za su ɗaga shi daga gado. Wata safiya abokin aikina ya ga ma'aikata sun yi ƙaranci, tausayi ya sa ya ɗaga shi shi kaɗai, dattijon ya zame ya karye a ƙugu. Babu wanda ya yi shakkar kyakkyawar niyyarsa, amma tambayar da masu bincike suka yi ta maimaitawa ita ce abin da takardar ta ce da kuma abin da ya aikata. Galibi mai gidan ne da kamfanin inshorarsa ke biyan diyya, amma shi ma'aikacin aikinsa ya tafi.

Kada kuma ka ɗauka cewa zama sabo uzuri ne. A shari'ar Nettleship da Weston ta 1971, wata mai koyon tuƙi ta daki turken fitilar titi, wanda ke koya mata ya karye a gwiwa, kotu kuma ta auna ta da ma'aunin ƙwararren direba ba na ɗan koyo ba. A ganina akwai tsauri a ciki, amma dalilin a fili yake: wanda aka buge bai zaɓi direban da zai buge shi ba. Tunda ka ambaci sayen mota, lasisinka na gida zai yi maka aiki na wata 12 ne kawai, kuma kada ka tayar da ita ko sau ɗaya kafin ka yi inshorar da za ta biya wanda ka cutar. Ka gaida mutanen gida, sai ka iso.