Yadda "je ne sais pas" ke komawa "shepa"

TAMBAYA: Malam, shekarata biyu ina koyon Faransanci. Jarida ba ta ba ni wuya, amma in na kunna fim ɗin Faransa sai in ji kamar ba harshen da na koya ba ne. Su ma suna gutsure kalmomi ne irin don't da gonna na Ingilishi? — Ɗaliba daga Katsina

AMSA: Suna yi, 'yar'uwa, sai dai iri biyu ne, kuma cakuɗa su ke kayar da ɗalibai.

Na farko dole ne. Idan je, le, la, de ko que suka ci karo da kalma mai farawa da wasali, wasalinsu faɗuwa yake yi: j'ai, l'eau, qu'il. A Ingilishi kina da zaɓi tsakanin I am da I'm, amma "je ai" kuskure ne ko a bakin wa ya fito.

Na biyun, na hira, shi ya toshe miki kunne. Ɗauki je ne sais pas, wato ban sani ba. Da fari kalmar "ne" ce ke ɓacewa: je sais pas. Sai wasalin je ya bi shi, j ta haɗu da s, su narke su ba da sautin "sh" irin namu, ki ji "shepa". Ta wannan hanyar je suis ke zama "shwi". Tu as ya koma t'as, tu es ya koma t'es, il y a kuwa y a kawai. Ai mu ma za ni muka mayar zan, za ya kuma zai.

Ga inda ake zamewa. Da zarar "ne" ya tafi, j'en veux plus na iya nufin abu biyu kishiyoyin juna. In an furta s na ƙarshe, "plus", ƙari ake nema. In an haɗiye shi, "plu", an ƙoshi ke nan. A kan teburin abinci wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Wajen rubutu kuma, don't ya samu shiga har cikin jaridu, alhali t'as da chais pas (wato "shepa" a rubuce) ajinsu ɗaya da gonna: saƙon waya da hirar abokai. Kada su shiga takardar jarrabawar DELF (ta gwada ƙwarewa a Faransanci) ko wasiƙar neman aiki.

A ganinmu kunne za ki fara horarwa kafin baki. Ki zaɓi minti 2 na hira mai rubutun Faransanci a ƙasan allo, ki saurara sau 3, kina ja layi a kan duk harafin da ba ki ji an furta ba.