Ɗana yana ji amma ba ya magana, an ce a yanke masa linzami

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ya cika shekara 3 da wata 4. Duk abin da aka faɗa masa yana ganewa, in na ce ɗauko buta ko kirawo yayarka sai ya je ya yi. Amma kalmomin bakinsa ba su wuce 15 ba, ba ya haɗa biyu, sai nuni da kuka. Yaran gidanmu har sun fara ce masa bebe. Uwar mijina ta ce harshensa ne a ɗaure, ta riga ta yi magana da wanzami zai zo ya yanke masa linzami. Mijina ya yi shiru, ni kuma ko barci ba na iyawa. Me zan yi? Daga Maman Sadiƙu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman Sadiƙu. Kafin komai, kada a bari aska ta shiga bakin yaron nan. Ki samu maigidanki yau, ki nuna masa wannan amsa, shi ya je ya lallaɓi Hajiya.

Ban ga Sadiƙu ba, amma yadda kika siffanta shi ya yi kama da yaran da fahimtarsu ta yi gaba, furta magana ta tsaya a baya. Yawancin yara a shekara 2 suna da kalmomi wajen 50, suna haɗa biyu, irin su "Mama zo". A shekara 3 ana sa ran jimla mai kalma uku ko fiye. Saboda haka damuwarki tana kan hanya, kuma lokacin "a bar shi, ubansa ma bai yi baki da wuri ba" ya wuce. Ba ke kaɗai ba ce. Wani bincike da aka yi a Ingila a 2016 ya gano kusan yara 2 a kowane aji mai yara 30 suna da matsalar iya magana irin wadda ba a san sanadinta ba.

Yanzu maganar linzami, wadda ba ranar da ba na jin ta. A ƙwaƙwalwa ake tara kalmomi, can ake zaɓo su a jera su. Harshe aikinsa fitar da sauti kawai. Ki tuna mutumin da ya daɗe yana ciniki da Yarabawa a kasuwar Sabon Gari: yana jin duk abin da suke faɗa, amma in aka ce ya mayar da amsa sai kalmomin su ƙi zuwa. Wa zai ce a yanke masa harshe? To haka yaronki yake da Hausar gidansu. Ke da kanki kin ce yana da kalmomi 15. Harshen da ya iya cewa "Baba" da "ruwa", me zai hana shi cewa "Baba ruwa" in da ɗauri ne matsalar?

Ɗaurin harshe na gaskiya yana nan, ban musa ba. Amma sau da yawa alamarsa tana bayyana tun a jego: jariri ya kasa kama nono da kyau, uwa ta sha ciwon kan nono. In ya girma da shi, iyakarsa wasu sautuka kamar "r" da "l" su ɗan yi masa nauyi. Ba ya hana yaro tara kalmomi, ba ya hana shi haɗa jimla. Shafa masa zuma a leɓe ki gani. In ya zaro harshe ya lashe sama da ƙasa, maganar ɗauri ta ƙare.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne abin da ke biyo bayan yankan. Ƙarƙashin harshe akwai jijiyoyin jini da hanyoyin yawu, kuma yaro ɗan shekara 3 ba zai tsaya cik ba, danne shi za a yi yana fizge-fizge. Ana kawo mana yara jini ya ƙi tsayawa, wasu bakin ya kumbura ya yi ruwa sun daina cin abinci. Askar da ta taɓa wani yaron tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau, ga tatanas. Wani lokacin tabon da ya warke shi ke riƙe harshen da a da lafiyarsa ƙalau. Idan aka yanke linzami bai yi magana ba, sai a ce ai beli ne, a cire shi ma. In wannan bai yi ba, a ce iska ce, a koma hayaƙi da turare. Haka za a yi ta yawo da yaro shekara biyu, shekara uku, a lokacin da ƙwaƙwalwarsa ta fi karɓar koyarwa. Sannan ya fito da tsoron duk wanda ya nufo bakinsa, alhali bakin nan muke roƙo ya buɗe. Idan kuma yaro ya yi magana wata shida bayan yanka, sai a ce aska ce ta yi aiki, ba wanda ke lissafa cewa da ma lokacinsa ne ya yi. Na san Hajiya ƙaunar jikanta ce ta sa, abin da ta taso ta gani ke nan. Addu'a kuwa ku yi ta yi masa, ba ta hana magani.

Matakin farko gwajin ji ne, ko da kin tabbata yana ji. Yaro yana iya jin kira da ƙarar babur amma ƙananan sautukan magana suna kuɓuce masa, musamman in ya taɓa yin ciwon kunne mai ruwa, sanƙarau, ƙyanda, ko shawara mai tsanani yana jariri. Ku je sashen yara ko sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ki nemi likitan yara ya duba girmansa gaba ɗaya, sannan a haɗa ku da mai koyar da magana. Masu wannan aiki kaɗan ne a ƙasar nan, layi yana da tsawo, kada ki jira ranar ganinsu kafin ki fara aiki a gida.

Ki durƙusa daidai fuskarsa in za ki yi masa magana. Ki riƙa faɗin abin da kike yi da gajerun jimloli, wajen wanka, wajen girki. In ya ce "ruwa", ki ce "ruwa kake so, ga ruwa mai sanyi", ki ƙara masa kaɗan a kan abin da ya kawo. Ki ba shi zaɓi, "kunu ko shayi?", sannan ki yi shiru ki ƙirga goma a zuci. Shirun nan shi ya fi wa iyaye wuya. Nuni ma magana ce, ki karɓa ki sa masa suna. Kada a tsare shi da "ce kaza, sai ka faɗa za a ba ka", kada a doke shi. Da daddare in kin ce "ga ta nan, ga ta nanku", ki dakata ki ba shi damar amsawa. A rage masa waya. Yayyensa su daina amsawa a madadinsa, sunan bebe kuma a hana shi a gidan daga yau. In yana zuwa Islamiyya, ki gaya wa malaminsa cewa ba taurin kai ba ne.

Ki samu littafi ki riƙa rubuta kowace sabuwar kalma da ranar da ya faɗe ta, ki tafi da shi asibiti.