Amsoshin Tambayoyinku: Ƙafar Mahayi ko Ƙarfin Ƙungiya, Wanne Ke Cin Tour de France?

Yayin da gasar tseren kekuna ta Tour de France ta 2026 ke ƙaratowa, wadda za a buɗe a birnin Barcelona na Sifaniya a farkon watan Yuli, yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili sun karkata ne a kan waɗanda ake sa ran za su lashe ta da kuma ƙungiyoyin da ke mara musu baya. Ga biyar daga cikinsu.

Tambaya: Ina yi wa wannan fili fatan alheri. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutum ɗaya ne ke lashe gasar, kuma da ƙafafunsa yake murza fedar kekensa. To me ya sa masu sharhi suke ta maganar ƙarfin ƙungiya kamar ana batun ƙwallon ƙafa?

Amsa: Mun gode, Malam. Dalilin farko iska ce. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, mafi yawan ƙarfin da mahayi yake kashewa yana tafiya ne wajen keta iskar da ke gabansa, kuma wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan wahala, wanda yake tsakiyar ayari kuwa ya fi haka samun sauƙi. Gasar zango 21 ce a cikin mako uku, da ranakun hutu biyu kacal, tsawonta kuma ya haura kilomita 3,000, don haka jagoran da aka kare daga iska tun ranar farko yakan isa manyan duwatsu da sauran ƙarfin da abokin hamayyarsa ya riga ya zubar a hanya.

Tun daga 2018 kowace ƙungiya mahaya takwas take shigarwa, maimakon tara da ake yi a da. A ƙungiyar da ke neman riga ruwan ɗorawa, wato rigar da mai mafi ƙarancin jimillar lokaci yake sakawa, bakwai daga cikinsu hadiman mutum ɗaya ne. Su ne ke komawa motar ƙungiya su ɗebo gorunan ruwa da abinci, su ne ke kutsa masa hanya zuwa gaban ayari kafin a shiga ƙunƙuntar hanya inda ake yawan faɗuwa, kuma idan tayarsa ta yi faci alhali motar tana nesa, wanda tsayinsu ya zo ɗaya zai sauka ya miƙa masa nasa keken ya tsaya jira a bakin hanya. Saboda haka ne aka saba cewa wanda ya yi nasara yakan raba kyautar Yuro 500,000 da ake ba shi tsakanin abokan tafiyarsa da ma'aikatan ƙungiya.

Tambaya: Idan aka ba ka zaɓi tsakanin mahayin da ya fi kowa ƙarfi amma ƙungiyarsa mai rauni ce, da wanda yake bi masa amma yana da ƙungiya mafi ƙarfi, wa za ka zaɓa?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi sauran nauyi, kuma tarihin shekarun baya-bayan nan ya ba da hujja ga kowane ɓangare, shi ya sa zan ɗan tsawaita a kanta.

A 2020 ƙungiyar Jumbo-Visma ta mallake gasar kusan daga farko har ƙarshe. Primoz Roglic ɗan Sloveniya yana sanye da riga ruwan ɗorawa, a gabansa kuma akwai Wout van Aert da Sepp Kuss da Tom Dumoulin suna jan ayari a kan kowane dutse. Tadej Pogacar na ƙungiyar UAE, shi ma ɗan Sloveniya mai shekara 21 a lokacin, ba shi da irin wannan rakiya, har ma ya yi asarar minti 1 da daƙiƙa 21 a zango na 7 lokacin da iskar gefe ta tsinke ayari ta bar shi a baya. Abin da ya yi shi ne ya maƙale a bayan 'yan Jumbo, ya ci moriyar aikin da suke yi wa jagoransu. Da aka zo zango na 20, tseren agogo na kilomita 36 da ya ƙare a kan dutsen La Planche des Belles Filles, inda kowa yake fita shi kaɗai babu mai kare shi, Roglic yana gaba da daƙiƙa 57, amma kafin faɗuwar rana Pogacar ya juya lissafin ya wuce shi da daƙiƙa 59. Kuskuren Jumbo a wannan shekara shi ne sun yi amfani da ƙarfinsu wajen tsare tazarar da suke da ita, ba su yi amfani da shi wajen faɗaɗa ta ba.

Shekara biyu bayan haka sun nuna cewa sun koyi darasi. A zango na 11 na gasar 2022, tun ana saura kusan kilomita 60, tsakanin dutsen Télégraphe da na Galibier, Roglic da abokin ƙungiyarsa Jonas Vingegaard ɗan Denmak suka riƙa kai hari ɗaya bayan ɗaya. Pogacar, wanda korona ta riga ta raba shi da hadimansa biyu, ya ga ba zai iya barin ko ɗaya daga cikinsu ya tsere ba, sai ya riƙa bin kowane hari da kansa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: da aka iso dutsen ƙarshe, Col du Granon mai tsayin fiye da mita 2,400, Vingegaard ya ɓalle ana saura kimanin kilomita 5, Pogacar kuma ya iso bayansa da minti 2 da daƙiƙa 51. A zango na 18, a dutsen Hautacam, van Aert ne, mutumin da ke sanye da koriyar rigar masu gudun ƙarshe, ya ja Vingegaard har Pogacar ya sake saki. Vingegaard ne ya lashe gasar, ƙungiyar UAE ta Pogacar kuwa ta isa Paris, inda aka kammala ta, da mahaya huɗu kawai.

Sai dai kada a ɗauki 2022 a matsayin ƙa'ida. A 2025 Visma, wato ƙungiyar Vingegaard da a da ake kira Jumbo-Visma, ta zo da jerin da ya haɗa da Kuss da Matteo Jorgenson da van Aert da Simon Yates, wanda ya lashe Giro d'Italia, babbar gasar Italiya, a wannan shekarar, yayin da Pogacar ya rasa babban mataimakinsa a kan duwatsu, Joao Almeida, wanda ya janye a zango na 9 sakamakon raunin faɗuwa. Duk da haka Pogacar ya ba Vingegaard tazarar fiye da minti 2 a Hautacam ɗin nan dai, ya kuma lashe gasar da minti 4 da daƙiƙa 24. A kan tudu mai tsananin miƙewa gudu yana raguwa, amfanin laɓewa a bayan wani ma yana raguwa, abin da ya saura shi ne ƙarfin da mutum yake fitarwa gwargwadon nauyin jikinsa. Ra'ayina shi ne, idan tazarar da ke tsakanin mahayan biyu ƙarama ce, ƙungiya ce ke yanke hukunci. Idan kuwa tazarar babba ce, iyakar abin da ƙungiya za ta iya shi ne ta jinkirta shan kaye. Zan zaɓi mahayin da ya fi ƙarfi, da sharaɗin yana da aƙalla mutum biyu da za su iya kasancewa tare da shi a dutsen da ke kafin na ƙarshe.

Tambaya: Su wa kake ganin za su fafata a gasar 2026, kuma da wane ma'auni kake auna su tun ba a fara ba?

Amsa: Tun daga 2020 mutum biyu ne suke karɓe-karɓe da wannan gasa. Pogacar ya ci a 2020 da 2021 da 2024 da 2025, Vingegaard kuma a 2022 da 2023, kuma daga 2021 zuwa 2025 su biyun ne suka riƙe matsayi na ɗaya da na biyu a kowace shekara. Duk lissafin da bai fara da su ba, son rai ne. Pogacar ne a gaba a wurina, kuma idan ya sake cin ta zai kamo Jacques Anquetil da Eddy Merckx da Bernard Hinault da Miguel Indurain, waɗanda kowannensu ya ci sau biyar. Vingegaard, wanda ya lashe Vuelta, babbar gasar Sifaniya, a 2025, ya fi zama barazana a dogayen duwatsu masu tsayi sosai da kuma a mako na uku, kuma taswirar 2026 ta tanadi hawan dutsen Alpe d'Huez kwana biyu a jere dab da ƙarshen gasar.

A sahu na biyu akwai Remco Evenepoel ɗan Beljiyam, wanda ya zo na uku a 2024 kuma ya ci zinare biyu a gasar Olamfik ta Paris a wannan shekarar. A tseren agogo da wuya a samu wanda ya fi shi, amma dogayen duwatsu sun sha tona masa asiri, kamar yadda ya janye a kan dutsen Tourmalet a 2025. Komawarsa ƙungiyar Red Bull-Bora-Hansgrohe ta haɗa shi da Florian Lipowitz ɗan Jamus, wanda ya zo na uku a 2025, abin da ya ƙara wa ƙungiyar ƙarfi ya kuma ɗora mata tambayar wa zai yi wa wa hidima.

Game da ma'auni, abu na farko da nake dubawa shi ne lafiyar mahayi a watannin da suka gabata, domin ita ce ta yi tasiri a gasa biyu a jere. A Afrilun 2023 Pogacar ya karye a wuyan hannu a tseren Liège-Bastogne-Liège, shirinsa ya taƙaita, ya kuma durƙushe a dutsen Col de la Loze a mako na uku, Vingegaard ya ci da minti 7 da daƙiƙa 29. A Afrilun 2024 kuma Vingegaard ne ya yi mummunar faɗuwa a yankin Basque, ya karya ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa da kuma haƙarƙari, huhunsa ya ji rauni, ya zo na biyu da tazarar minti 6 da daƙiƙa 17. Na biyu shi ne tseren Dauphiné na watan Yuni, wanda Vingegaard ya ci a 2023, Pogacar a 2025, Chris Froome kuma sau uku, kowannensu kafin ya ci babbar gasar. Amma ba a rantsuwa da shi, domin Roglic ya ci shi a 2022 da 2024 kuma a duka shekarun biyu bai kammala babbar gasar ba. Na uku, idan aka fitar da jerin mahaya takwas, ba na ƙirga manyan sunaye. Ina duba ko akwai ƙarfafa biyu ko uku na shimfiɗaɗɗiyar hanya da za su kare jagora a makon farko, domin ƙungiyar da ta cika jerinta da masu hawan dutse zalla tana iya rasa gasar kafin a ga dutse ko ɗaya.

Tambaya: Ni mace ce da ta fara bin wannan wasa kwanan nan. Shin ba zai fi wa ƙungiya amfani ta zo da jagorori biyu ko uku ba, ko da ɗaya ya gaza?

Amsa: Barka da shigowa, Malama. Dabarar tana aiki ne kawai idan an san tun farko wanda zai sauka wa ɗan'uwansa. A 2022 ta yi aiki saboda Roglic ya riga ya ji rauni ya yi asarar lokaci, ya kuma yarda ya ƙarar da ƙarfinsa domin Vingegaard. Ƙungiyar Movistar kuwa ta zo da Nairo Quintana da Alejandro Valverde da Mikel Landa a 2018 da 2019, kuma babu ɗayansu da ya hau dandamalin ukun farko, domin hadimai biyar ba sa isar shugabanni uku. Tun a 1986 aka ga irin wannan, lokacin da Hinault ya riƙa kai wa abokin ƙungiyarsa Greg LeMond hari duk da alkawarin da ya yi na taimaka masa. Ko Jumbo-Visma, da ta kwashe matsayi na ɗaya da na biyu da na uku a Vuelta ta 2023, sai da ta sha suka kafin ta umarci Vingegaard da Roglic su daina kai wa Kuss hari.

Tambaya: Idan mutum biyu ko uku ne kawai ke da damar cin gasar, me sauran ƙungiyoyi kimanin ashirin suke zuwa nema?

Amsa: Kowane zango tsere ne mai cin gashin kansa, kuma cin guda ɗaya ya isa ya biya wa ƙaramar ƙungiya buƙatar shekara a wurin masu ɗaukar nauyinta. Akwai kuma koriyar riga ta maki, da riga mai jajayen ɗigo ta gwanin duwatsu, da farar riga ta matasa. Ƙungiyar da ke neman koriyar riga tana gina jerinta ne a kan mai gudun ƙarshe da mutum uku ko huɗu da za su ja shi a jere, kowa ya ƙare ƙarfinsa ya kauce, har a saura kimanin mita 200. Ta wannan fage ne Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku da koriyar riga a 2024 a ƙarƙashin Intermarché-Wanty, ƙungiyar da kasafinta bai kusanci na manyan ba, kuma a wannan shekarar ce Mark Cavendish ya ci zangonsa na 35 ya zarce tarihin Merckx. Waɗannan ƙungiyoyi suna shafar lissafin manyan ma, domin a ranakun shimfiɗaɗɗiyar hanya su ne ke ɗaukar nauyin korar waɗanda suka ɓalle, hadiman mai riga ruwan ɗorawa kuma su samu damar hutawa kafin a shiga duwatsu.