Me ya sa sitikar farcen ƙafa ke ɗagowa tun ba a je ko'ina ba?

Kin ce sitikar ado da kike liƙa wa kwastomomi a faratan ƙafa ba ta wuce kwana uku sai ta fara ɗagowa ta gefe, kina tambaya ko gam ɗin ne ba shi da kyau, ko ki sauya kamfani. Bar kamfani tukuna, 'yata. Mafi yawan sitikar da ke ɓanɓarewa, ruwa ne ko mai ya kashe ta tun kafin ta taɓa farcen.

Tambayar nan taki ta tono mini wani aikin biki da har yau idan ya faɗo mini raina sai ya ɓaci. Amarya ce da ƙawayenta shida. An ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran sai bayan biki. Amaryar ta yi mako biyu ana mata dilka da halawa, jikinta ya sha mai har tsakanin yatsu. Yarinyar da ke kan aikin ranar ta jera su, ta tsoma ƙafafunsu cikin ruwan ɗumi kusan rabin awa, ta goge kaushi, ta mulke su da man zaitun tana tausa don a yaba mata. Daga nan ta ɗauko tawul ta share faratan, ta manna sitika. A ido aikin ya yi kyau, har hotuna aka yi ta ɗauka. Daren kamu amarya ta zare takalmi, sitikar babban yatsanta ta zauna a ciki. Washegari aka aiko da guntayen a ƙulle cikin farar leda, da saƙon a dawo da kafin alƙalami. Aka mayar, aka yi asarar kaya da wuni guda, zancen kuma ya zaga unguwa. Abin da ya fi ƙona rai, biyu daga cikin ƙawayen sun makara ranar, ba a samu damar jiƙa ƙafarsu ko shafa musu mai ba, kuma nasu bai ko motsa ba. An gan su da shi bayan mako uku, daram. Amma suka shige cikin ayari suka ce su ma nasu ya cire, ba su biya ko sisi ba.

Ki riƙe waɗannan biyun a ranki, don su ne amsar tambayarki. Farce yana shan ruwa fiye da yadda ido ke gani. Idan ya jiƙa sai ya kumbura, lanƙwasarsa ta ɗan baje. Kika manna sitika a wannan hali, yana bushewa zai tsuke ya koma siffarsa, ita kuma ba za ta bi shi ba, sai gefe ya ɗaga. Saboda haka a kan busasshen farce ake liƙa sitika. Idan lallai sai an jiƙa ƙafa don kaushi, kada ya wuce minti 5, sannan a bar faratan su sha iska awa guda. Amarya kuwa, a yi mata gyaran ƙafa yau, sitika gobe. Shi mai, ko basilin ne ko man kaɗe ko na zaitun, da shi ake cire sitika idan lokacinta ya yi. To yaya za ki shimfiɗa abin cirewa sannan ki ɗora gam a kai? Tawul ba ya cire maiƙo, baza shi yake yi.

Yanke farce da tsaftace kayan aiki ba zan tsaya koya miki ba. Wadda ba ta iya wannan ba, ba ta da abin yi a shago. Abin da 'yan yanzu ke tsallakewa shi ne siririyar matacciyar fatar nan da ke manne a gindin farce, wadda ba a ganinta sai an kankara ta fito fari-fari kamar garin rogo. Tura fatar zuwa baya kaɗai bai isa ba. Ki kwantar da abin turawa, ki bi gindin da gefe biyu a hankali har farcen ya fito fes. Duk inda kika bar ta, a kan fata gam ya zauna, fata kuma zubewa take yi. Sai ki ɗauki magogi mai laushi, lamba 180 zuwa 240, ki kashe sheƙin farcen kawai. Na ce sheƙi, ban ce ki rarake wa baiwar Allah farce ba. Ki kakkaɓe garin da buroshi, ki goge da sifirit a ƙyallen da ba ya zubar da zare, ki shiga da shi har lungunan gefe. Auduga tana barin gashi. Ruwan cire jan farce da aka haɗa da mai don laushin fata ma ki nisance shi a nan. Bayan sifirit kada yatsanki ya sake taɓa farcen. Da hunturu ki rufe ƙofa ki kashe fanka, don ƙura na sauka kan gam kafin ki ƙifta ido.

Wajen zaɓen girma nan ne ake yawan yin ɓarna. Kuna son a rufe farce kaf saboda hoto, sai ku ɗauki mai faɗi ta hau kan fata. Sitikar da ta taɓa fata ta riga ta fara cirewa, don fata na motsi, tana gumi. Ki bar tazarar milimita 1 tsakaninta da fata a gindi da gefe biyu. Idan farcen ya faɗa tsakanin girma biyu, ɗauki ƙaramar, ko ki rage babbar da almakashi tun tana kan takardarta. Ki ɗago ta da matsefata, kada ki sa yatsa a gefen gam.

Ki kuma san irin da ke hannunki, don ba ɗaya suke ba. Ta roba mai gam tana son ɗumi: ki kara ta a handiraya daƙiƙa 3 zuwa 5 har ta yi laushi, ki ɗora daga gindi, ki danne tsakiya, ki bi da ita zuwa gefe. Ta jel kuwa, wadda ake kawowa ba ta gama daskarewa ba, sai ta shiga fitilar UV mai daskarar da jel kamar daƙiƙa 60, ko abin da aka rubuta a kwalin. Babban yatsa ki karkata shi ki sake sa shi, don haske ya samu gefensa. Idan wuta ta yi ƙasa ko janareta na shaƙewa, fitilar za ta kama amma aikinta bai cika ba. Ki latsa gefen ki ji, in da sauran laushi ki maimaita. Irin ta jel ba a barinta a bakin taga, hasken rana zai daskarar da ita tun a cikin leda. Dukansu kuma zafin bazara na lalata musu gam idan suka daɗe a shago mai rufin kwano. Ta kasuwa da ta shekara a rana ana sayar miki da ita rabin kuɗi, araha ba ta ado.

Babban yatsa shi ne mai gardama, saboda faɗi da doro. Kada ki ja sitikar da ƙarfi don ta kwanta. Abin da aka ja zai koma, ya bar bakin farce a buɗe. Inda ta yi ƙunci a gefe, ki ɗan tsaga da bakin almakashi, ki kwantar da ɓangare ɗaya kan ɗaya, ki danne da sanda mai kan roba kusan daƙiƙa 30. Kumfar iska ko guda kada ki bari, nan ruwa zai fara shiga. Ragowar da ta zarce bakin farce ki lanƙwasa ta ƙasa, ki tsayar da fayil, wato magogin bakin farce, a miƙe ki goga daga sama zuwa ƙasa, hanya ɗaya. Kai da komowa kamar mai zarto shi ke ɗaga bakin. Sai ki rufe da man saman nan marar launi, ki shafa har kan kaifin farcen. Farcen ya zama gajere, bai wuce tsokar yatsa ba, in ba haka ba duk taku sai ya daki takalmi. Ƙaramin yatsa kuwa, idan farcen bai kai ƙwayar shinkafa ba, kada ki wahalar da kanki. Shafa masa jan farce mai launi ɗaya da sauran.

Kafin ki buɗe leda ma, ki gaya wa kwastoma gaskiya: sitika tana hana ruwan alwala isa ga farce. Shi ya sa masu lura ke zuwa a kwanakin da ba sa salla. Wadda ba ki faɗa wa ba za ta ɓanɓare ta da magariba, gobe ta zo ta ce aikinki ne bai kama ba. Wadda ta amince, ta tafi da silifas, ba takalmi sau-ciki ba, kada ta sa ƙafa a ruwan zafi ko ta shafa mai kusa da faratan sai washegari. Ki faɗa mata a gaban wadda ta rako ta, kuma ki ɗauki hoton aikin kafin ta tashi. Kuɗinki ki karɓa cif ranar, ko da amarya ce.

Farcen ƙafa ba ya saurin tsiro, wajen milimita ɗaya da rabi ne a wata, don haka aikin da aka yi daidai zai kai mako uku zuwa huɗu. Kada a bari ya zarce haka. Idan gefe ya ɗaga, kada ki ɗiga masa gam ki danne, domin danshi kike kullewa a ciki, farcen ya yi kore. Ki ɗiga mai a gefen, ki bi da sanda a hankali har ta saki, ki wanke ki fara daga farko. Farcen da kika ga ya yi kauri, ya yi rawaya, yana marmashewa, kada ki rufe shi ko nawa za a ba ki. Ki ce mata ta fara zuwa asibiti a duba.