Amsata ga Yaya kan dabbobin Zangon Kumasi

Yaya Alhaji, daren jiya a ƙofar gidanka na Tudun Wada ka jefo mini tambaya, kiran sallar isha'i ya tashe mu ban amsa ba. Ka ce ɗanmu mai karatun likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, tun da ya dawo daga wurinmu Kumasi yake ba ku labari: wai tumakinmu guntaye ne, wai ba ma fiɗar akuya, wai har kada ake girmamawa a ƙasar. Kake tambaya ko Hausancinmu ya narke ne a Gana. Bai narke ba, Yaya. Ƙasar ce ta koya mana yadda ake zama da dabba a cikinta.

Ku nan Kaduna in an ce Zango, kasuwar shanu da mayanka ke faɗo muku a rai. Mu can zango unguwa ce, inda fataken goro suka sauke kaya har suka yi jikoki. Kakanmu ma goron Gonja ne ya kai shi Salaga, da yaƙin basasar 1892 ya watsa garin ya gangara kudu. Jakunansa kuwa ba su bi shi ba, don kurmi ba ya barin jaki ko doki ya daɗe. Ƙudan tsando ne sarki a can, shi ke kawo sammore, cutar da ke ramar da dabba. Shi ya sa dabbar kurmi ta zama gajera mai jimiri: muturu, wato guntayen shanun kurmi, da 'yan tumakin nan masu gajerun ƙafafu da yaron ya yi ta aunawa yana rubutawa a littafinsa. Ka kai bunaji, farin san Fulani, can ka tsare shi damina guda ba magani, ka ga yadda zai rame, gashi ya tashi, ido na hawaye. Manyan ragunan layya, uda da balami, a mota suke zuwa mana daga Burkina Faso da Nijar da Mali. Cibiyar binciken sammore da ke nan Kaduna ma, Turawa don Afirka ta Yamma suka kafa ta, har da Gana a ciki, kafin ta zama ta Najeriya.

Batun fiɗa kuwa, ku kuna da majema masu jiran fata, mu masu jiranta a tukunya muke da su. Mutanen Asante, 'yan asalin Kumasi, da fatarta suke son akuya a miya, gandar saniya kuma, wadda suke kira wele, ba a raba ta da shinkafa da wake, abincinmu da ya zama waakye a bakinsu. To mahauci abin da mai saye ke so shi yake yi: a yanka da bisimilla, a babbake, a kankare. Abu ɗaya ne yaron ya gani ya kasa haƙuri. Na kai shi wani wurin babbaka da asuba, ya tarar da tsofaffin tayoyi ake ƙonawa, hayaƙi baƙi ƙirin, idanun samarin sun kaɗa jajir. Ya durƙusa gaban shugaban mahautan ya ce, "Baba, wannan guba ce, ga mai ci, ga mai aikin." Gaskiyarsa ce. Tsadar itace da gas ta jefa mu ciki, ba gado ba, kuma ina goyon bayansa.

Kada kuma a Paga ya gan su, bakin iyakar Burkina Faso. Kasenawan garin sun ɗauka rayukan kakanninsu na tare da kadojin tafkin, don haka ba a kashe su. Ana kiran kada da kaza, ya fito ya kwanta, baƙo ya riƙe wutsiyarsa. Mu ba mu yi imani da wannan ba, ba ma kuma yi musu ba'a, don baƙi muka zo suka ba mu masauki. Kai ma ai garin da kake zaune, an ce daga kadduna ya samo suna.

Gobe in Allah ya kai mu, ka ce wa yaron ya raka ni Zangonku da sassafe. Ina so in ga yadda mahautanku ke fiɗa da gishirta fata, don a cikin yaran da nake da su a kasuwa babu wanda ya iya cire fatar akuya bai huda ta ba.