Digirin Lafiyar Al'umma ta Intanet: Da Wane Kuɗi Za a Biya?

Wata baiwar Allah daga Funtua ta aiko da wannan tambaya: "Ina da kemis, shekara shida ke nan. Na gama makarantar koyon aikin lafiya, kuma ina son yin digiri a fannin kiwon lafiyar al'umma ta intanet, don ba zan iya barin shago da yara ba. Na ga tallar wata jami'ar waje a Facebook, ana biya da dala wata-wata. Watan gobe zan kwashi adashi, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, wanda da ma sari na yi niyyar ƙarawa da shi. In zuba a karatun ko in haƙura?"

Hajiya, Allah ya sanya albarka a nema. Ba zan ce ki haƙura da karatu ba, amma kuɗin adashin nan ki bar wa shago abinsa.

Mu fara da abin da digirin zai sayo miki, don a nan masu kemis da yawa ke yin tuntuɓe. Lasisin da PCN, hukumar da ke kula da harkar sayar da magunguna, ke ba ku ya taƙaita ne ga magungunan da aka jera muku, kuma wannan digiri ba zai ƙara ko ɗaya a jerin ba. Ba ya mayar da mutum likita ko mai haɗa magunguna. Abin da ake koya a cikinsa shi ne yadda annoba ke yaɗuwa, ƙididdigar cututtuka, rigakafi, tsaftar ruwa da muhalli, da tsara shirye-shiryen lafiya. Kasuwarsa tana hukumomin lafiya matakin farko da ƙungiyoyi irin su UNICEF da WHO. Ke nan ribarsa albashi ce da za ta iya zuwa bayan shekaru, in an dace da gurbi. Cinikin kantinki na gobe da jibi ba zai motsa saboda shi ba, don haka bai kamata uwar kuɗi ta ɗauki nauyinsa ba.

Maganar dala kuwa ita ta fi tayar mini da hankali. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya fara karatu da lissafin farko ya wayi gari kuɗin makarantarsa ya ninka uku, alhali bai ƙara kwas ko ɗaya ba. Ke da naira kike ciniki, kuma digiri tafiyar shekara huɗu ce. In nauyin ya fi ƙarfinki a shekara ta biyu, abin da kika biya ya tafi, babu takarda, babu kaya a kanta.

Sannan takardar ma sai an duba ingancinta. A Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. Tun daga lokacin ake sa ido sosai a kan takardun waje. Kada ki biya ko sisi sai kin ji daga ma'aikatar cewa za ta amince da shaidar wannan jami'a.

Da ni ne, NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, zan fara leƙawa. Jami'ar gwamnatin tarayya ce, tana ƙarƙashin kulawar NUC, hukumar da ke kula da jami'o'in ƙasa, tana da wannan kwas, da naira ake biya zango-zango, kuma tana da cibiyoyi a Katsina da Kaduna da Kano. Ki je da takardunki ki tambaya ko za su ba ki damar farawa daga aji biyu; shekara guda da aka rage kuɗi ne mai yawa. Ki sani dai jarrabawa a cibiya ake zama a yi ta, kuma akwai makonnin aikin gwaji a fili. Duk ranar da kika tafi, wani ne zai zauna a shago. Ki sa haƙƙinsa a lissafi tare da kuɗin mota, da data, da caji, da kwamfuta ko da ta hannu ce, kuma ki koya masa rubuta kowane ciniki da kowane bashi tun yanzu.

To, adashin ki yi sari da shi, musamman kayan da ke tafiya da damina: maganin zazzaɓin cizon sauro, da gishirin gudawa na ORS, da sinadarin zinc na yara. Ki buɗe asusu dabam na karatu, duk Juma'a ki zuba wani abu daga riba bayan an fitar da cefane da kuɗin haya. Ki yi haka wata shida. Idan abin da ya taru ya kai kuɗin zango ɗaya da hidimominsa, ki yanki fom. Idan bai kai ba, ki ƙara wata shida, ki aiko mini da lissafin littafin cinikinki mu duba inda kuɗin ke zurarewa.