Ga mai tambaya kan ƙungiyar mawaƙan da ta canza salo

Ɗan'uwa, ka ce ƙungiyar indie pop (kiɗan pop na ƙananan kamfanoni masu zaman kansu) da ka fara so tun tana kaɗa jita a sanyaye yanzu ta koma kiɗan na'ura na rawa, sabon albam ɗin ya ƙi shiga kunnenka, har kana tambaya ko kuɗi suka bi, ko kuwa kai ne zamani ya wuce. Na daɗe ina bin mawaƙan wannan layi, na kuma sha ganin irin wannan rigima ta tashi ta kwanta.

Akwai maganar da mu masoya ba ma son ji: yawancin sautin nan na farko da muke kira asalinsu, rashi ne ya haife shi. Dubi Belle and Sebastian na birnin Gilasgo. Albam ɗinsu na farko, Tigermilk, ya fito a 1996 a ƙarƙashin wani ɗan kamfani na ɗaliban kwaleji, faifai 1,000 kacal aka buga, cikin 'yan kwanaki kuma aka ɗauki waƙoƙin. Muryar jagoran ƙungiyar, Stuart Murdoch, can ƙasa-ƙasa, kayan kiɗan ba su gama gogewa ba. Mu muka ɗauki wannan a matsayin gaskiyar zuci, alhali wani ɓangarensa ƙarancin lokacin situdiyo ne kawai. Da hali ya samu, a 2003 suka ɗauko Trevor Horn, furodusan da ya yi suna tun shekarun 1980 da sauti mai ƙyalli da cika kunne, ya haɗa musu Dear Catastrophe Waitress. Kafin nan Isobel Campbell, mai goge da tattausar murya, ta fita a 2002. Sai aka hau cewa ƙungiyar ta mutu. Ni dai a kunnena riga ce aka sauya, mai rigar yana nan: labaran mutane masu kunya, da barkwancin da ke ɓoye baƙin ciki, duk ba su je ko'ina ba. A 2015 ma har kiɗan disko suka shigo da shi, aka sake wani sabon ƙorafin, wannan karon har daga bakin waɗanda suka shigo ta albam ɗin 2003.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi ba ni dariya a duk harkar. Kowane rukuni na masoya yana ganin albam ɗin da ya fara cin karo da shi ne na ainihi, abin da ya biyo baya lalacewa ce.

Sai dai fushin masoyan indie pop ya fi na sauran zafi, kuma da dalili. Salon ya taso ne a Birtaniya cikin ƙin manyan kamfanoni: kaset ɗin C86 mai tara waƙoƙin ƙananan ƙungiyoyi, wanda jaridar kiɗa ta NME ta fitar a 1986, ƙananan mujallu da masoya ke bugawa da kansu, kamfanoni irin su Sarah Records na Biristol, wanda ya fara a 1987 ya kuma rufe kansa da gangan a 1995 bayan ya kai lamba ta 100 a jerin abin da ya fitar. A irin wannan duniyar, ƙanƙanta abin alfahari ce. Son ƙungiya ya zama hanyar gane naka. To ranar da ka ji waƙarsu a talla ko a bakin wanda bai taɓa damuwa da su ba, sai ka ji an ƙwace maka wani abu, ka kuma ɗora laifin a kan na'urar kiɗa. Haka aka yi wa Tegan and Sara, tagwayen Kanada, da suka saki Heartthrob a 2013 tare da furodusa Greg Kurstin. Albam ɗin ya kai na 3 a jadawalin Billboard na Amurka, tsofaffin masoya da yawa suka yi ta guna-guni, sababbi suka cika zauren.

Lokaci kuma yakan juya hukunci. Primal Scream suna cikin kaset ɗin C86 da jitarsu, amma Screamadelica na 1991, wanda suka tsunduma cikin kiɗan gidajen rawa, shi ya ci kyautar Mercury ta farko (ta gwarzon albam a Birtaniya da Ireland) a 1992, shi ne kuma yau ake tunawa da su da shi. Everything But The Girl sun shafe shekara goma da wani abu suna waƙoƙi masu taushi, sai furodusa Todd Terry ya sake haɗa kiɗan wata waƙarsu, Missing, ta game duniya a 1995. Ba su ja da baya ba, suka bi hanyar a albam na gaba. Saurari muryar mawaƙiyarsu Tracey Thorn a ɓangarorin biyu, kewar nan ɗaya ce take ɗauke da ita.

Ban ce kowane canji alheri ba ne, kar ka fahimce ni a haka. Akwai ƙungiyoyin da suka zube da gaske, kuma ana ganewa. Baitocin da a da suke ambaton takamaiman mutum da takamaiman wuri sai su koma maganar da kowa zai iya rerawa. Amshi ya faɗo tun daƙiƙun farko, saboda a manhajar sauraron waƙoƙi ta Spotify sai an saurari waƙa daƙiƙa 30 ake ƙirga ta, kamfanin faifai kuwa ba ya son a tsallake. Waƙoƙi goma su fito da fuska ɗaya. Wannan ba girma ba ne, tsoro ne, kuma ba ka da laifi in ka juya baya.

Ga yadda nake rarrabewa. Nakan nemi inda suka rera sababbin waƙoƙin kai tsaye da jita ko fiyano kaɗai, a gidan rediyo ko a ƙaramin zaure. In waƙar ta tsaya da ƙafarta ba tare da adon situdiyo ba, to matsalata da furodusa ce, kuma wannan kunne yakan saba da shi bayan ɗan lokaci. In ta faɗi warwas, magana ta ƙare. Sannan ina daina jera sabon da tsohon a zama ɗaya, don tsohon yana da shekarun rayuwata a bayansa, gasar ba ta adalci ba ce.

Abu na ƙarshe, wanda mutane kan manta: buɗe bayanan albam ɗin ka karanta sunayen waɗanda suka rubuta waƙoƙin. Sau da yawa abin da ake kira canjin salo ficewar mutum ɗaya ce, mai rubutu ko mai jita, sunan ƙungiya ne kawai ya rage. In haka ne a taka, bincika inda wanda ya fitan ya koma, mai yiwuwa yana can yana yin irin abin da kake nema da wani suna. Faɗa mana wace ƙungiya ce, da albam ɗin da ka tsaya a kansa, a nan ba za a rasa wanda ya san tarihin membobinta ba.